Gimba Akanta da Shirin Kwana Casa'in

Ranar da Gimba ya sayo littattafan jarrabawa guda shida, sai da ya sa mai keke ya zagaya da shi layinsu sau biyu, littattafan a kan cinya, don kada a samu wanda bai gani ba.

Gimba akawu ne a rumfar Alhaji Baffa, babban dillalin albasa a Kasuwar Relief ta Onitsha. Mutumin Kontagora ne, shekararsa tara a garin. Yana zaune da matarsa Zuliha da jaririyarsu Raihana a wani gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu a jere suna kallon juna. Yana da difloma, kuma babu wanda ya taɓa zama da shi minti biyar bai ji labarinta ba. Tun kafin ya san inda ɗakin jarrabawa yake ya sa ana kiransa Akanta. Wanda ya ce masa Gimba kawai, sai ya yi kamar da wani ake.

Dalilin littattafan kuwa, harkar Alhaji Baffa ce ta faɗaɗa har Fatakwal da Enugu, zai buɗe ofis, yana son mai takardar shaidar akantoci ya riƙe masa. Ya kira Gimba ya ce, "Na biya maka kuɗin jarrabawar matakin farko. Saura wata uku. In ka ci, kujerar ofis taka ce. In ba ka ci ba, zan ɗauko wani, kai kuma ka ci gaba da zama a bakin buhuna kana shaƙar albasa."

"Ranka ya daɗe, wata uku ai an raina ni," in ji Gimba. "Da sati uku suka ba ni, da na mayar musu da ɗaya."

Da yamma ya tsaya a tsakiyar gidan hayar ya tafa hannu. Maƙwabta suka leƙo. Akwai Mark mai walda, mutumin Zonkwa, da matarsa Martina wadda ke aiki a wani kemis. Akwai kuma Mama Nkechi, tsohuwar da ke da gidan, wadda ta iya Hausa daidai ta yin faɗa.

"Jama'a," in ji Gimba, "daga yau na shiga shirin kwana casa'in. Daga ƙarfe huɗu zuwa takwas ba daka, ba rediyo, ba janareta. Mai tari ma ya fita waje ya yi."

"Na you buy the house?" in ji Mama Nkechi. "Ka saya gidan ne ban sani ba?"

"Mama, gidan ne zai yi suna. Gobe za a ce a nan Akanta Gimba ya zauna."

Martina ta matso tana goge hannu da zani. "Baban Raihana, ashe tare za mu rubuta. Ni ma na yi rajista, amma littafi biyu kawai na samu. Za ka riƙa ara mini sauran?"

Gimba ya dube ta da tausayi. "Ke ma? To, ba laifi, a gwada. Ɗauki duk wanda kike so. Ni yawancin abin da ke ciki yana kaina. Na saye su ne in duba ko marubutan sun yi kuskure."

Aikin farko shi ne jadawali. Gimba ya ce karatu ba jadawali shirme ne. Ya sayo farin kwali guda uku da alƙaluma masu launi huɗu, ya kwanta rub da ciki a ɗaki yana ja da rula. Kwana shida ya yi yana wannan. Ja na haraji ne, kore na dokokin kasuwanci, shuɗi na lissafi, ruwan ɗorawa na hutu. Da ya gama ya manna a bango, ya ja da baya yana gyaɗa kai.

Zuliha ta duba ta ce, "Baban Raihana, na ga ruwan ɗorawan ya fi yawa."

"Ƙwaƙwalwa kamar inji take, sai ana barinta tana hucewa."

"To, ka fara mana."

"Yau Laraba. Wa kika ga ya fara babban aiki a tsakiyar mako? Litinin."

Litinin ta zo, ya gano bai ware lokacin sallar Juma'a ba. Ya ce jadawalin da bai san Allah ba babu albarka a cikinsa, ya yage, ya sake sabo. Litinin ta gaba ta faɗo ranar ashirin da bakwai ga wata, ya ce a bari wata ya kama a fara da ɗaya, lissafi ya fi tafiya daidai. Ranar ɗaya ga wata aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin ya yoyo daidai kan kwalin. Ja ya shiga kore, shuɗi ya gangaro har ƙasa.

"Kin gani ko?" ya ce wa Zuliha. "Da na fara da wuri, da yanzu duk karatun ya rikice."

Daga nan sai ya gano ainihin abin da ke hana shi karatu: tabarma. Akanta ba ya karatu a tabarma. Ya je wurin kafinta ya zana masa tebur mai aljihu shida, irin wanda ya taɓa gani a ofishin manajan banki. Bayan kwana tara aka kawo tebur a amalanke, ƙarti huɗu suna turawa. Aka kai shi bakin ƙofar ɗaki, ya ƙi shiga. Aka kwantar da shi ta gefe, ya ƙi. Aka miƙar da shi tsaye, ya daki saman ƙofa. Gimba na gefe yana ba da umarni.

"Ku juya ta hagu! A'a, hagun teburin, ba hagunku ba!"

"Oga, ka auna ƙofar kafin ka ba da aikin?" in ji kafinta.

"Ni na yi maka kama da mai yawo da igiyar awo? Ku cire ƙyauren da katakon gefen."

Mama Nkechi ta fito da muciya a hannu. "Wanda ya taɓa ƙofana, shi da kayansa yau za su kwana a titi."

Haka tebur ya tsaya a baranda. Washegari Mama Nkechi ta shanya agushi a rabinsa. Wata maƙwabciya ta mayar da aljihun ƙasa wurin ajiyar takalman yara. Martina kuwa ta samu kusurwa ɗaya, kullum da sassafe kafin ta tafi kemis takan zauna awa guda, da yamma ma awa guda, da littafin Gimba a gabanta da fensir a hannu.

Wata safiya ta kira shi. "Baban Raihana, taimaka mini da wannan. Yadda ake lissafin raguwar darajar kaya shekara bayan shekara, hanya ta biyun ce ba ta zauna mini ba."

Gimba ya leƙa shafin daga nesa, kamar mai leƙa rijiya. "Wannan? Ai wannan na 'yan koyo ne. In na gaya miki, na cuce ki. Ki wahala ki gano da kanki, ya fi zama a kai."

Ya wuce da sauri, har ya manta butarsa.

Da aka ci kwana arba'in, Zuliha ta fara magana ba wasa a ciki. "Alhaji ya turo matarsa jiya tana tambayata yadda karatu ke tafiya. Na ce mata alhamdu lillahi. Kada ka sa in zama maƙaryaciya."

"Waya ce," in ji Gimba. "Na gano maƙiyina. Wayar nan ce."

Ya ɗauki wayar ya kai wa Mark, a gaban mutane, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. "Mark, riƙe wannan. Kada ka ba ni sai bayan jarrabawa. Ko na roƙe ka, ko na yi kuka, ko na ce gobara ake yi a Kontagora."

"Ka tabbata, Akanta?"

"Ni namiji ne, magana ɗaya nake yi."

Kafin a kira la'asar yana bakin shagon Mark.

"Ba ni ita minti biyu, zan duba lokaci."

Mark ya nuna masa agogon bango. "Uku da kwata."

"Akwai saƙon da nake jira."

"Daga wa?"

"In na duba ai zan sani."

"Ka ce ko ka yi kuka kada in ba ka."

"To, ai ban yi kukan ba. Ka ga sharaɗin bai shafe ni ba ke nan."

Mark ya rufe fuska da gilashin walda ya ci gaba da aikinsa. Gimba ya koma gida ya ari wayar Zuliha, wai zai nemi tambayoyin shekarun baya. Sai ya ci karo da wani bidiyo na yadda ake daina jinkiri. Ya kalla. Ya kalli na biyu. Kwana huɗu ya yi yana kallon masu koyar da yadda ake daina jinkiri, har ya zama malami a fannin. A rumfa yakan tara masu dakon albasa yana yi musu lacca.

"Sirrin ɗaya ne," yake ce musu. "Ka ce wa kanka minti biyar kawai za ka yi. Da ka fara, shi ke nan, ka wuce."

"Kai ka fara, Akanta?" wani ya tambaya.

"Ina kan nazarin hanyar tukuna. Akwai wata ta minti biyu, ina kwatanta su."

Saura kwana talatin da biyar ya zo da shawarar da ya ce ita ce ta ƙarshe. Ranar Asabar Zuliha za ta je suna Asaba, ƙetaren gada. Ya ce ta rufe shi a ɗaki da kwaɗo ta waje, ta tafi da makullin.

"In wani abu ya taso fa?"

"Babu abin da zai taso sai ilimi. Awa takwas, ni da littafi. Kafin ki dawo na gama da haraji, na shiga dokoki."

Ya sa ta cika masa babban filas da kofi mai citta, ya jera ledar ruwa guda shida. Ya leƙo ya gargaɗi mutanen gida cewa ko sun ji yana ihu kada wanda ya kula shi, yaƙi yake da shaiɗan. Zuliha ta goya Raihana, ta datse kwaɗo, ta tafi.

Gimba ya sha kofi ɗaya don buɗe ido. Ya buɗe littafi ya karanta sadaukarwa, ya karanta godiyar marubuci ga matarsa da abokan aikinsa, ya yaba da tarbiyyar mutumin. Ya ƙara kofi. Ya feƙe fensir huɗu. Ya ƙirga shafukan littafin, ya raba su gida talatin da biyar, ya ga abin da sauƙi, ya sha kofi na uku don murna. Cittar ta yi masa yaji, ya bi ta da ruwa leda uku. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya filas ya ƙare, shi kuma yana shafi na biyu na babi na ɗaya, sai cikinsa ya murɗa.

Ban ɗakin kuwa yana can ƙarshen gidan, kusa da famfo.

Ya daure. Ya zagaya ɗakin. Ya zauna ya harɗe ƙafa. Daga ƙarshe ya manna baki a jikin ƙyaure. "Martina! Maman gida! Kina nan?"

Martina na kusurwar teburinta. "Ina nan, Baban Raihana. Ya karatu?"

"Karatu lafiya. Buɗe mini ƙofar nan."

"Makulli na Asaba."

"A fasa kwaɗon!"

"Kai ka ce ko ka yi ihu kada mu kula ka. Ka daure, shaiɗan ne."

"Wannan ba shaiɗan ba ne, na san shi!"

Mama Nkechi ta amsa daga ɗakinta cewa duk wanda ya fasa mata wani abu a jikin ƙofa zai gamu da ita.

Ɗakin yana da taga ɗaya mai kallon titi, da sandunan ƙarfe a tsaye. Ɗaya ta ɗan lanƙwashe. Gimba ya tuna ya taɓa ji an ce inda kai ya wuce jiki zai wuce. Ya hau kan bokiti, ya karkata, ya tura kai. Kai ya wuce. Kafaɗu suka ce ba da su ba. Ya ja da baya, kunnuwa suka tokare. Bokitin ya goce, ya tsaya a kan yatsun ƙafa, kai a titi, sauran jiki a ɗaki.

Wata mai tallan ayaba da ke wucewa ta ɗaga ido ta ga kan mutum yana fitowa ta tagar ɗakin da ke rufe. Ta yar da faranti ta kurma ihu da Ibo, "Onye oshi! Ɓarawo!"

Kafin ka ce me, layin ya cika. Masu keke suka tsaya. Wani ya zo da gora, wani da bel. Gimba na ta rantsuwa da Hausa da Turanci cewa ɗakinsa ne.

"In ɗakinka ne me ya sa ba ka bi ta ƙofa ba?" wani ya tambaya.

"An kulle ni ne!"

"Wa ya kulle ka?"

"Matata!"

Nan masu gora suka sauke gora, suka fara dariya. Mama Nkechi ta ratso taron tana faɗa. "Ku bar shi, na my tenant. Akanta ne. Wai shi zai sa gidana ya yi suna. To, ga shi ya yi."

Aka kawo sabulu aka shafa masa a wuya, bai fita ba. Aka kawo manja aka zuba masa a kunnuwa, aka riƙa tura kan da ƙarfi daga waje, sai ihu. Wani dattijo daga masallacin layin ya tsaya ya gaishe shi a tsanake, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "Malam Gimba, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba," in ji Gimba, manja na ɗiga daga haɓarsa. "Ƙwaƙwalwa ce ta ɗauki zafi, na ɗan fito da ita ta sha iska."

Sai da aka kirawo Mark daga shago ya zo da zarto. Minti arba'in yana yankan ƙarfe a gefen kunnen Gimba, yana cewa, "Kada ka motsa, Akanta, kunnen nan za ka ji sakamako da shi." Da sandar ta fita Gimba ya zame ya koma cikin ɗaki, bai sake neman a buɗe masa ƙofa ba. Abin da ya sa ya daina nema, babu wanda ya tambaya. Zuliha dai da ta dawo bayan la'asar, saboda cunkoson gada, an ga ta fito da ledar ɗaki ta wanke a famfo da omo har sau biyu.

Kunnuwan Gimba suka kumbura suka yi kamar fanke, wuya ya sale. A makon ne Martina ta tare shi a baranda.

"Baban Raihana, ka ƙarasa rajistarka? Biyan kuɗi kawai bai isa ba. Sai ka ɗora hoto, ka zaɓi cibiya, sannan su fitar maka da takardar shiga. Juma'a za su rufe."

"Hoto? Da waɗannan kunnuwan? Hoton da zai zauna a takardar shaida har jikokina su gani? Bari kumburin ya sauka."

"Juma'a fa."

"Na san irin mutanen nan, kullum sai sun ƙara wa'adi. Kuma wanda aka biya wa kuɗi ai sunansa ya riga ya shiga. Ke dai ki ji da karatunki."

Kumburi ya sauka ranar Talata, kwana huɗu bayan an rufe rajista. Gimba ya ɗauki hoto cikin kwat da laktaye, ya yi kyau ƙwarai, ya sa aka wanke masa babba ya rataya a ɗaki. Rasidin biyan kuɗin kuwa ya kai aka lulluɓe masa shi da roba don kada ya jiƙe. A ganinsa an gama.

Cibiyar jarrabawar a Enugu take. Alhaji Baffa, wanda duk lokacin da ya tambaya sai Gimba ya ce masa maimaici kawai yake yi, ya ɗauki hayar bas sukutum don rakiya. Bayan sallar asuba aka cika ta: Alhaji a gaba, 'yan rumfa takwas, Zuliha da goyo, Mark, Martina, har Mama Nkechi, wadda ta ce ba za a ba ta labari ba. 'Yan rumfa sun sa an rubuta a wani farin ƙyalle, SAI AKANTA GIMBA, suka ɗaura a jikin motar.

A Upper Iweka, babbar mahaɗar Onitsha, suka tarar da cunkoso, manyan motocin arewa sun toshe hanya. Martina ta fito da ƙananan katuna da ta rubuta abubuwa a kai tana dubawa, leɓenta na motsi. Gimba ya juyo daga kujerarsa, kalkuleta uku a cinya, biro goma sha biyu a aljihun kwat.

"Ajiye wannan, Martina. Wanda ya shirya ba ya karatu ranar jarrabawa. Dube ni."

"Allah ya ƙara basira, Akanta," in ji 'yan rumfa.

"In kin ga tambaya ta yi miki tsauri, ki ɗago ki dubi yadda nake rubutu, za ki samu ƙarfin gwiwa."

Sun isa saura rabin awa. A ƙofar makarantar da za a yi jarrabawar akwai wani jami'i mai furfura zaune da takardar sunaye da kwamfuta. Martina ta miƙa takardarta, ya duba fuskarta, ya duba hoto, ya ce ta wuce. Gimba ya gyara laktaye, ya ɗaga wa masu rakiya hannu, ya ajiye rasidinsa a teburin kamar mai ajiye katin gayyata.

Jami'in ya juya shi gaba da baya. Ya yi magana da Turanci, Mark na fassara wa Alhaji.

"Wannan rasidi ne. Ina takardar shiga?"

"Duba sunana dai. Gimba."

Jami'in ya bi da yatsa. "Babu."

"Duba ƙarƙashin A."

"Sunan mahaifinka da A ya fara?"

"Akanta."

Jami'in ya cire tabarau ya dube shi, ya mayar, ya buga lambar rasidin a kwamfuta. Sannan ya karanta da murya yadda na bayan layi ma za su ji. "An biya kuɗi wata uku da suka wuce. Ba a ɗora hoto ba. Ba a zaɓi cibiya ba. An tura saƙon tuni sau biyar, ba a buɗe ko ɗaya ba."

"Wayar tana wurina," in ji Mark. "Shi ya ce ko gobara ake kada in ba shi."

"Ga hoton nan a aljihuna!" Gimba ya zaro ƙaramin hoto. "Duba kyansa. Manna shi kawai, ka ba ni kujera ko a baranda ne."

"Oga, no seat, no number, no paper. Ka dawo zagaye na gaba. Matsa, mutane na jira."

Alhaji Baffa ya tako a hankali, carbi a hannu. "Gimba."

"Ranka ya daɗe."

"Me ya hana ka sa hoton?"

"Kunnuwa ne, Alhaji. Sun kumbura."

"Me ya kumbura su?"

Gimba ya shafa kunne. Mama Nkechi ta ce ita za ta ba da wannan labarin, ta kuwa ba da shi tun daga filas har zarto, da Hausa da Turancin buroka, tana kwatantawa da hannu. Masu jiran shiga jarrabawa suka manta da fargabarsu. Jami'in kansa sai da ya kifa kai a tebur.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "To, ajiye maganar hoto. Tsakaninka da Allah, da sun bar ka ka shiga, shafi nawa ka karanta?"

Gimba ya dubi Zuliha ko za ta cece shi. Ta gyara goyo ta ce, "Biyu, Alhaji. Ban da godiyar marubuci."

Ana cikin haka Martina ta dawo da gudu daga bakin zauren. Ba a shiga da jaka ko waya. Mark ya tafi nemo wa Alhaji kujera, Zuliha na fama da Raihana. Ta duba ta ga mutum ɗaya ne hannunsa ba komai. "Baban Raihana, don Allah riƙe mini."

Awa uku Gimba ya yi tsaye a inuwar bas, cikin kwat da laktaye, ƙarƙashin ƙyallen da ke ɗauke da sunansa, rataye da jar jakar mata a kafaɗa. Duk wanda ya wuce sai ya karanta ƙyallen, ya tambayi wane ne Akanta Gimba, 'yan rumfa kuma su nuna shi.

Bayan sati bakwai sakamako ya fito, Martina ta ci duka darussan. Alhaji Baffa ya aika aka kira ta ya ba ta kujerar ofis. Gimba ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki, don ya san abin da ya rasa, ya kuma san ba wanda ya ƙwace masa. A rana ta uku Alhaji ya kira shi. Ya ce Martina da Zuliha sun roƙa masa alfarma, zai bar shi ya sake gwadawa zagaye na gaba, amma rajista a gaban Martina zai yi ta, kuma kullum sai ya amsa tambaya biyar ta duba kafin ya tako kasuwa.

Washegari da hantsi aka zaunar da shi a teburin nan na baranda. Martina ta ajiye masa takarda mai tambayoyi biyar. Zuliha ta kawo koko da ƙosai guda takwas masu zafi, ta ajiye farantin a gabanta, ba a gabansa ba.

Gimba ya gyara murya. "Kafin mu fara, akwai wani sabon tsari da na yi tunani. In muka raba watannin nan gida uku..."

Zuliha ta ɗauki ƙosai ɗaya ta kai baki.

"Wannan ai nawa ne!"

"Duk maganar da ka yi wadda ba amsa ba ce, ɗaya ya tafi."

"Haba Maman Raihana, ni fa ba yaro..."

Ta ɗauki na biyu.

Gimba ya dubi farantin, ya dubi fuskar matarsa, ya ga ba alamar wasa. Ya ja takardar ya sunkuya. Ya yi gumi, ya goge, ya soke, ya sake. Ta farko Martina ta ce bai samu ba, ta nuna masa inda ya kauce. Ya ciji leɓe ya shiga ta biyu. Minti goma sha biyar ba a ji bakinsa ba, abin da mutanen gidan suka ce ba su taɓa gani ba.

Martina ta bi layin da fensir har ƙasa, ta ɗago. "Wannan daidai ne."

"Daidai?" Gimba ya miƙe zumbur, takarda a sama. "Jama'ar gidan nan! Mama Nkechi! Ku fito ku ga yadda ake..."

Zuliha ta miƙa hannu wajen faranti.

Ya koma ya zauna, ya jawo takardar. "Karanto ta ukun," ya ce.